Harami Mai Ruwan Goro

Hoton ya shigo wayar Ladidi da hantsi tana tankaɗe, kuma kafin a kira azahar rabin Badarawa ta ji cewa jikanta ya yi Umra.

Ba wanda zai ga laifinta. Wayar nan tun da ta faɗa tukunyar miya bara komai ja-ja take nuna shi, ga gilashinta ya tsage daga sama, wani baƙin tabo ya cinye kusan rabin fuskarta. Abin da ya rage a ƙasa shi ne saurayi tsaye ba takalmi, kai a aske ƙwal, ya naɗe jikinsa da mayafi marar ɗinki, kafaɗar dama a waje. To ku faɗa mini, me mutumin ƙasar nan zai kira wannan in ba harami ba? Akwai ɗan rubutun Turanci a ƙarƙashin hoton, amma Ladidi ba ta karanta boko, kuma ba ta ga abin da rubutu zai ƙara mata ba. Ta ajiye rariya ta rangaɗa guɗa.

Mubashir ke nan, jikan da ba ta taɓa ɗauka a hannu ba. Ubansa Abdulrashid ya bar gida sama da shekara ashirin, ya tafi ƙasar Tailan buga ƙwallo, ya auri 'yar can, ta haifa masa ɗa guda. Yaron yana ƙarami babur ya kashe uban. Musulmin garin ne suka yi masa sutura. Ladidi ba ta ga gawa ba, ba ta ga jika ba, sai shekarun baya-bayan nan da 'yarta Nazifa, ma'aikaciyar jinya a Ƙaura, ta bi ta waya har ta tono yaron. Tun daga nan yake turo hotuna, ita kuma tana tura masa dogayen saƙonnin murya, tana kiransa angonta, tana ƙorafin bai taɓa kawo cefane ba. Ba ya jin ko kalma ɗaya. Sai ya maido mata da hoton zuciya.

An tsayar da magana zai zo bayan kaka. Armiya'u, ƙanen marigayin mijinta, wanda shi ne maigida yanzu, ya ce shi da kansa zai tarbe shi a filin jirgin Sakkwato. Zuwan nan shi ne abin da Ladidi ke jira a duniya, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Tana cewa in ta taɓa kan yaron nan sau ɗaya, duk ranar da aka kira ta ta amsa.

Kwana biyu ana shigowa barka. Ta sa aka toya masa aka raba. Ƙanwarta Sa'ida ta taso tun daga Zurmi, da halin da hanya ke ciki, don ta ga hoton da idonta. Wata maƙwabciya mai bin diddigi ta ce ita dai haramin da ta sani fari ne.

"Wayar ce," in ji Ladidi. "Ke ma in anka ɗauke ki da ita ruwan goro kike hitowa."

Armiya'u ya dawo daga Kasuwar Daji ya tarar da gidansa cike da mata. Ya je Hajji sau ɗaya, kuma bai yarda kowa ya manta ba. Ya ce a turo masa hoton a tasa wayar, ya ga ko a wace ƙofa ta Harami yaron ya tsaya, don shi ya san su duka. Aka turo. Ya duba, ya matso da ita kusa da ido, ya nisanta ta. Sai ya ce matan su ba shi wuri.

"Yaya Ladidi, wane alhaji kika taɓa gani ya aske gira?"

"Mai tsabta."

Ya juyo mata da wayar. Tasa ba ta taɓa shan miya ba. Mayafin ruwan goro ne sosai, kamar an rina shi da safe. A wurin da baƙin tabo yake a tata wayar kuwa, wani ƙaton mutum-mutumi ne na zinariya, ya harɗe ƙafafu, ido a lumshe, kunnuwa har kafaɗa, kansa ya kusa taɓo rufi.

Ladidi ta daɗe tana kallo.

"Wanga kuma wane ne?"

"Gunki ne, Yaya. Masa kika raba wa gari a kan gunki." Bai ɗaga murya ba, shi ya fi muni. "Ki ji ni da kyau. Yaron nan ba shi taka gidan ga. Nan ake salla, nan ɗiyanmu ke tashi. Na hwaɗi, na gama."

"Armiya'u, ni na wanke maka wando kana yaro."

"Na gode. Ba shi zuwa."

Ba ta yi kuka ba. Ta ji kunya, ta ji haushi, ta ji tsoro, tsoron ya fi yawa. Washegari ta ɗaura gyale ta hau kabu-kabu zuwa Shinkafi, daga can ta shiga motar Ƙaura. Ita ba ta yarda a raba ta da jika a kan abin da ko sunansa ba ta sani ba.

Nazifa ta karanta rubutun ƙasan hoton. Cewa ya yi, saboda mahaifina. Ta ce addinin mutanen can ne, na Buddha, amma iyakar saninta ke nan, a makarantar jinya ba a koya musu ba. Sai dai a gidan hayarsu akwai Malam Elijah, mutumin kudancin Kaduna, malamin sakandare, wanda ya karanci addinan duniya a jami'a, kuma tun da ya gama ba wanda ya taɓa tambayarsa komai a kai. Aka kira shi. Ya zo da kujerarsa ta roba, ya gaishe ta da ladabi, ya leƙa ƙofar gida ko akwai mai saurare, ya dawo.

"Mama, ki sani fa, ni ba addinina ba ne. Karantawa kawai na yi."

"Ni ma ba nawa ba ne. Zauna."

Ya fara tun daga tushe. Ya ce mutum ne ɗan sarki, sunansa Siddhartha Gautama, an haife shi a gindin manyan duwatsun arewacin Indiya, inda ake kira Nepal yanzu, shekaru wajen ɗari biyar kafin Annabi Isa. Mabiyansa sun ce ubansa ya killace shi a fada, ya hana shi ganin tsoho, ko marar lafiya, ko gawa, don kada ransa ya ɓaci. Sai da ya girma har ya yi aure ya fita gari, ya gan su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mai jan kekensa ko shi ma haka zai zama. Aka ce masa kowa ma.

"Da girmanshi bai san ana mutuwa ba?"

"Haka labarin ya zo, Mama."

"Da Badarawa anka haihe shi da an rage mishi wahala. Ci gaba."

Elijah ya ce daga nan ya bar fada, ya bar matarsa da ɗan da ta haifa, ya shiga daji neman maganin wahalar duniya.

Ladidi ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta.

"Mai jego ya bari?"

"E to."

"Kuma mutane sunka bi shi."

"Miliyoyi, Mama. Har yau."

"Maza ke nan," in ji ta. Ta juya ta kalli bango na ɗan lokaci. Nazifa ta san ba ɗan sarkin Indiya take gani ba, nata ɗan da ya tafi bai dawo ba take gani.

Malamin ya ci gaba a hankali. Ya ce mutumin ya yi shekaru yana azabtar da kansa da yunwa har ya kusa mutuwa, ya ga ba ta ɓulle ba, ya ci abinci, ya ce hanya ita ce ta tsakiya, ba holewa ba azaba. Ya zauna ƙarƙashin wata bishiya yana tunani har abin ya buɗe masa. Tun daga ranar ake ce masa Buddha, wato wanda ya farka. Abin da ya koyar kuwa, na farko, rayuwa ba ta rabuwa da wahala.

"Wannan ko akuya ta sani."

Na biyu, wahalar daga kwaɗayi take, daga ƙishirwar son abu da riƙe shi, alhali ba abin da ke tabbata. Na uku, in ƙishirwar ta mutu wahalar ta ƙare, kamar fitilar da mai ya ƙare mata, shi suke kira nibbana. Na huɗu, akwai hanyar zuwa can, mai rassa takwas, ta gyaran magana da aiki da sana'a da zuciya. Mabiyi ba ya kisa, ba ya sata, ba ya zina, ba ya ƙarya, ba ya shan abin maye.

"Tsaya. Koma na biyun. Son jika yana cikin kwaɗayin?"

Elijah ya gyara zama. "Son kansa ba laifi ba ne a wurinsu. Ƙanƙamewar ce."

"To ni ƙanƙamewa nike yi. Ka rubuta ka ajiye." Ta nuna hoton. "Wanga na zinariya shi ne Allahnsu?"

Ya ce a'a, a littattafansu malami ne da ya rayu ya mutu, suna rusuna wa siffarsa don girmamawa, ko da yake in ka ga yadda jama'a ke kai furanni da turare za ka ce ya wuce haka. Kuma bai ɗora koyarwarsa a kan Mahalicci ba. Sun ce aikin mutum ne ke binsa, mai kyau da marar kyau, in ya mutu a sake haihuwarsa, ya sake mutuwa, haka haka har ya kuɓuta.

"A sake dawowa duniyar ga?" Ladidi ta kama haɓa. "Subhanallahi. Ni sau guda ma ta ishe ni."

"Su ma abin da suke gudu ke nan, Mama."

Ta tambaya ko duk bakinsu ɗaya. Elijah ya yi 'yar dariya ta farko tun zamansa. Ya ce ina, bayan mutuwarsa da ƙarnoni suka rarrabu. Akwai Theravada, tafarkin dattawa, su ne a Tailan da Siri Lanka da Bama, masu riƙe da tsofaffin littattafai, kowa ya dage ya kai kansa. Akwai Mahayana a Sin da Japan da Koriya, ma'anarta babban abin hawa, su gwaninsu shi ne wanda ya yi alkawarin ba zai tsira shi kaɗai ba sai da sauran halittu. Sai kuma na Tibet, Vajrayana, masu yawan wuridi da asirai, waɗanda daga cikin Mahayana suka fito.

"Na gane," in ji Ladidi. "Waɗancan kowa da kabu-kabunshi. Waɗannan motar tasha ce, ba ta tashi sai ta cika."

"Malamanmu ba haka suka faɗa ba, amma ba zan yi musu ba."

"Suna bin juna salla?"

"Suna gaisawa dai."

"Kamar mu ke nan." Ta ja gyalenta. Duk wannan ta ji shi, amma ba shi ya kawo ta Ƙaura ba. "Malam, ka hwaɗa mini gaskiya. Yaron ya tahi ke nan? Ba aure, ba gida, ba kaka?"

Ya ce ba lallai ba. A Tailan al'ada ce saurayi in ya cika ashirin ya shiga gidan ibada na ɗan lokaci, sau da yawa watannin damina, a aske shi, ya sa mayafin nan, ya daina cin abinci daga rana tsaka, don ladan ya kai ga iyayensa, rayayyu ko matattu. In damina ta wuce ya tuɓe ya koma aikinsa. Ladidi ta fara sakin numfashi, sai malamin ya ɗaga hannu. Mutumin kirki ne, bai iya barin magana rabi ba.

"Amma Mama, ko ya tuɓe, addininsa ke nan. A ciki uwarsa ta raine shi. Bai bar naku ba. Bai taɓa saninsa ba ne."

Wannan ta fi gunkin zafi. Shekara da shekaru suna nan suna cewa muna da ɗa a Tailan, ba wanda ya taɓa koya masa ko Bisimilla, ita kanta cefane take ta tambayarsa. Ta yi wa Elijah godiya, ta ba shi ƙullin daddawar da ta zo wa Nazifa da shi.

Ran Asabar ta koma Badarawa tare da Nazifa, wadda ta riga ta shirya da yaron, babban malaminsu ya ba shi izinin waya. Matsalar ɗaya ce. A duk gidan ba inda waya ke kama hoto mai motsi sai gindin darbejiyar ƙofar zaure, kuma nan ne mazaunin Armiya'u tun da aka yi shi maigida. Da hantsi suka same shi a kan buzunsa yana ɗaure ƙotar fartanya.

"Mi kuke nema?"

"Sabis," in ji Ladidi, ta shimfiɗa tabarma.

Ya so ya tashi, sai ya tuna wurinsa ne. Ya juya musu baya ya ci gaba da fartanyarsa.

Fuskar ta fito. Ba gira, ba gashi, amma goshin na gidan ne, ba mai musu. Can la'asar ta kusa, ana jin ruwa yana sauka a kan kwano. Ladidi ta kwana tana shirya maganganu masu nauyi. Da ta buɗe baki cewa ta yi:

"Tambaye shi da gaske ne ba shi cin tuwon dare."

Nazifa ta juya zuwa Turanci. Yaron ya yi dariya ya ce gaskiya ne, kwanakin farko har jiri yake gani. Ladidi ta ce shi ya sa wuyansa ya yi tsawo. Sannan ta ce a tambaye shi me ya kai shi.

Ya yi magana mai tsawo, Nazifa tana tsinto ta guntu-guntu. Ya ce abin da yake tunawa da ubansa kaɗan ne. Yana tuna yana ɗaukarsa a kafaɗa zuwa wani ɗaki inda maza ke tsayawa sahu-sahu, shi kuma ya yi barci kusa da takalma. Ranar da ya mutu waɗansu mutane masu fararen huluna suka zo suka tafi da shi, suka binne shi kafin rana ta faɗi. Dangin uwarsa suka tsaya daga nesa, ba su san me ake yi ba. Duk abokansa suna da abin da suke yi wa matattunsu, shi ba shi da komai. Da ya cika ashirin sai ya yi wanda ya iya. Kullum bayan karatun safe yana tsiyaya ruwa a ƙasa, yadda suke yi, ya ce ladan na babansa ne. Ya tambayi tsohon malaminsu ko yana isa ga mutumin da ba addininsu ɗaya ba. Tsohon ya ce shi dai ya ci gaba da zubawa.

Bugun ƙotar fartanya ya tsaya tun ɗazu, amma ba wanda ya waiwaya.

"Inna," in ji Nazifa, muryarta ta canza, "wai yana tsoron ko ba ya isa. Wai ku mi kuke cewa in naku ya mutu? Yana so ya iya."

Ladidi ta karɓi wayar ta riƙe da hannu biyu. Abdulrashid ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba, yana raye ko yana mace. Amma yaro ba zai koyi addu'a da sunan sakaya irin su wancan ko mai ƙwallo ba.

"Ce, Allah ya jiƙan Abdulrashid."

Ya gwada, ta kakkarye. Ta sake faɗa a hankali. Ya gyara zama cikin mayafinsa mai ruwan goro, ya sunkuyar da kai, ya faɗe ta daidai, kalma bayan kalma.

"Amin," in ji Armiya'u.

Kalmar fita ta yi daga bakinsa kawai, kamar atishawa. Ba a jin wannan addu'a a yi shiru, kuma a gabansa aka yi wa Abdulrashid huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Ya zauna da bayansa a juye, wuyansa a sandare, kamar wani ne ya yi maganar.

Yaron ya tambaya muryar wa ya ji. Nazifa ta ce ƙanen kakansa ne.

Armiya'u ya yi gyaran murya. Har yanzu fartanyar yake kallo.

"Tambaye shi ko ya san inda kabarin yake."

Ta tambaya. Ya ce ya sani. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke yakan je ya cire ciyawa da hannu. Mai gadin maƙabartar ya san shi, yana barinsa ya shiga.

Armiya'u ya jujjuya fartanyar, ya gwada ƙarfin ƙotar a ƙasa, ya share hanci da gefen rawani.

"Na kakanshi ma ya yi ciyawa," ya ce. "In ya zo na kai shi."

Nazifa ta buɗe baki za ta fassara, Ladidi ta dafa mata gwiwa.

"Hwaɗa mishi da sauri," ta ce, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba, "kahin sabis ya ɗauke."